Ƙarar gilashin gaban tsohuwar motata da asarar da na tafka kafin ta yi shiru

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum ranka ya daɗe. Ina fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya sanyi ya kuma ƙurar bana. Na san wasiƙun da kuka saba bugawa na wuta ne da ruwa da tsadar masara da 'yan siyasa, to ni yau da maganar mota na zo, motar ma tsohuwa, maganar ma ta ƙara ce kawai, ƙarar gilashin gaba. Wani zai ce wannan dattijon bai da aikin yi, kuma da gaskiyarsa dan na yi ritaya, amma dan Allah a bani fili, saboda satin da ya wuce a gareji na ga wani yaro da idona yana tsiyaya man birki a robar gilashin motar wani bawan Allah wai dan ta daina kuka, mai motar na tsaye yana ta sa masa albarka, da na yi magana sai aka bini da kallo kamar na faɗo daga sama. Abun ya tsaya min a rai dan nima an taɓa min irinsa kuma na biya kuɗin rashin sanina har da riba.

Motar tawa Mazda MX-5 ce ƙirar 1995, ja, kujera biyu, mai rufin tamfol da ake ninkewa baya, wadda fitilunta ke ɗagowa daga gaba kamar idon kwaɗo, yaran unguwarmu ma "mai ido" suke ce mata. A Amurka Miata ake kiranta, a Japan kuma a wancan lokacin Eunos Roadster ake ce mata, a Hiroshima ake ƙera ta tun 1989, irin tawa mai ɗaga ido kuma daga 1997 aka daina. Tawa daga Jamus ta fito ta biyo ta Kwatano kamar sauran 'yan uwanta tokumbo, shi yasa sitiyarinta ke hagu, na Japan da na Ingila a dama suke mu kuwa tun 1972 muka koma bin hannun dama a titi. Injinta 1.8 ne, nauyinta kusan tan ɗaya, bata da gudun da zai firgita kowa amma ka sauke rufin da yamma ka kama hanyar Kachia iska na kaɗa maka hula, kai, sai wanda ya gwada. Hajiya tun ranar da na shigo da ita gida tace wannan ai motar marowata ce, ina za a sa jikoki ina za a sa buhun shinkafa, kuma har yau tana kan bakanta.

Shekaru na yi da ita ba ko tari. Sai wata rana ina dawowa daga Zariya wajen Maraban Jos wata tifa da ke gabana ta harbo tsakuwa, tas, ta daki gilashin ta ƙasa ɓangaren fasinja, kafin in iso Kawo tsagar ta fara tafiya, kwana uku ta kai tsakiya. Neman gilashin irin wannan motar a arewa kam sai addu'a, na zaga Panteka tsohuwa da sabuwa, na aika Ƙofar Ruwa a Kano babu, daga ƙarshe daga Ladipo a Legas aka ɗoro min na tokumbo a naɗe cikin bargo da kwali. Da ya iso lafiya murna ta sa ban tsaya tunanin wanda zai ɗora ba, na kai wa wani mai gilashi a bakin titi, yaro mai zafin nama, ya ce "Alhaji zauna ka sha lemo yanzun nan zan sallame ka", kuma ya cika alkawari, ko awa ɗaya ba a yi ba ya miƙo min makulli yace in tafi ko Abuja ne. Kuɗin da ya karɓa ma har kunya na ji na ƙara masa. Ashe araha bata ado.

Da hunturu ya shigo sai ta fara. Da farko ƙiit ƙiit ne can ƙasa-ƙasa kamar gyare ya shiga dashbod, sai in na zo shiga get ɗin gida ta karkace tayar hagu ta riga ta dama hawa, ko in na tsallaka bamp a kaikaice. Daga baya ta girma ta koma irin kukan tsohon gadon ƙarfe, ƙararrap, duk ramin da na taka sai ta amsa. Da asuba ta fi tsanani, in rana ta take sai ta lafa, da magariba ta dawo. Wanda ke tuƙa jif ba zai gane azabar ba, shi gilashinsa na can nesa, ni kuwa a wannan 'yar motar gilashin na dab da goshina, ƙarar kamar a cikin haƙorana take. Rediyo na dinga ƙurewa, har jikana ya tambaye ni ko kunnena ya fara tafiya ne.

Nan fa masu shawara suka taso, dan duk ɗan Najeriya bakanike ne in dai motar ba tasa bace. Wani yace man birki, wani yace baƙin mai, wani basilin, wani yace in cusa tsumma, wani maƙwabcina ma cewa yayi in rabu da ita kawai in sayi Corolla in huta. Bari in faɗa wa masu karatu abun da kowanne ke yi tunda nima na ɗanɗana. Man birki yana cin fenti, in ya zauna a lungun da ke ƙarƙashin robar nan inda ba mai gogewa sai ya kwaile fentin ya bar ƙarfe tsirara, ruwan damina na zuwa tsatsa ta samu gida. Baƙin mai da basilin da giris na injin duk daga ɗanyen mai suke, irin robar da ake yi wa ƙofa da gilashi kuma bata shiri da su, tana shan su ta kumbura ta yi laushi ta saki, ga ƙura da ke mannewa a jiki ta zama kamar samfefa. Eh ƙarar na ɗaukewa kwana biyu ko uku, shi yasa mutane suke rantsuwa yana aiki, ba wanda ke dawowa bayan wata shida ya ce ga abun da ya biyo baya.

Ni man birkin aka fara zuba min, da ya gaza sai na koma wajen yaron nan da ya sa min gilashin, ya ɗauko silikon irin na masu aluminiyam da ake like tagar gida da shi, mai wari tsami-tsami kamar binega, ya zagaye gilashin da shi ya shafe da ɗan yatsa. Sati uku shiru, har na fara yi wa masu shawara dariya. Sai ta dawo, damina na sauka kuma ta zo da ƙawarta, ruwa ya fara ɗiga ta kusurwar ƙasa yana jiƙa kafet ɗin fasinja, motar ta dinga warin rima. Gyaran gangar auzinawa kenan. Wannan warin tsamin ashe asid ne da silikon ɗin ke fitarwa yana bushewa, a jikin bulo da tayil ba komai, a jikin ƙarfen da aka riga aka kankare kuwa abincin tsatsa ne, ga shi duk inda silikon ya taɓa fenti baya kamawa gam ɗin gilashi na gaskiya ma baya kamawa sai an kankare shi tas.

Fanal bitan da ke min aiki ne ya gaji da ƙorafina ya haɗa ni da wani dattijo, kowa Baba yake ce masa, wanda ya koyi aikin gilashi tun zamanin da Peugeot 504 ke fitowa daga Kakuri tana cika titi. Na je da shirin a ɓalle gilashi a take, sai na ga bai ko kalli akwatin kayan aikinsa ba. Ya ce "Alhaji ba a yi wa ƙara magani a tsaye, tada ta mu ji." Ya shiga gefena da ƙyar dan motar ta yi ƙasa da yawa ga gwiwarsa, muka zaga layi biyu bai ce uffan ba, da muka dawo ya sa yaronsa ya kawo bulo da katako yace in hau da tayar gaba ta dama ita kaɗai a hankali. Ina hawa ta yi ƙararrap. Ya ce sauka. Ta sake yi. Ya ce "to ka ji, ba gudu ke sa ta kuka ba, murɗewa ce."

Bayanin da ya min shi ne ya buɗe min kai. Yace in ɗauki kwalin takalmi da murfinsa in gwada murɗawa, sannan in cire murfin in sake gwadawa, wanne ya fi saurin lanƙwasa. Mota mai rufin ƙarfe kwali ne da murfi, tawa kuwa kwali ne ba murfi, ƙarfinta duk yana ƙasa ne da dogayen ƙarafan nan na ƙarƙashin ƙofofi da kuma firem ɗin da ke riƙe da gilashin gaba. Duk sanda taya ɗaya ta hau tudu bodin na ɗan murɗewa, kaɗan ne ido baya gani, amma gilashi shi baya murɗewa, dan haka dole wani abu ya goga wani a tsakaninsu, in roba ce mai laushi da gam mai rai a wurin sai su shanye motsin a ji shiru, in kuwa robar ta bushe ko gam ɗin ya saki ko gilashi na taɓa ƙarfe to ga kukanka nan. Sanyin asuba kuma yana ƙanƙance ƙarfe da roba ya sandarar da su, zafin rana ya sake su, shi yasa take bin agogo. Ƙurar hunturu mai laushin nan kamar hoda ita ma tana shiga tsakani ta ƙara wa abun murya.

Daga nan sai farauta, kuma wannan kowa zai iya yi a gida da mutum biyu ba sai an biya ko sisi ba. Ni ina hawa bulo ina sauka, yaron Baba na danna wuri ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, kusurwar sama, kusurwar ƙasa, saman dashbod, robobin ginshiƙan gefe ta ciki, inda ya danna ƙarar ta canza ko ta ɗauke sai a sa alama da alli. Sai aka kawo salatif na masu fenti aka like robar gefen gilashi da bodi ɓangare ɗaya, a gwada, a cire, a koma ɗayan. Sai ruwan sabulu a gorar feshi, a fesa wuri ɗaya kacal a gwada, dan ruwan sabulu na kashe ƙarar goga na 'yan mintuna kuma in ya bushe baya barin ɓarna. Baba yace sirrin kawai shi ne abu ɗaya a lokaci ɗaya, in ka fesa ko'ina ta yi shiru to me ka koya. Muka kwashe kusan awa biyu, a ƙarshe ya ce min ƙarar da nake ji ɗaya, bakuna uku ne ke yinta.

Na farko baƙar robar nan mai tauri da ke ƙarƙashin waifa, wadda ke rufe tsakanin bonet da gilashi. Yaron da ya sa gilashi ya karya mata kilif biyu wajen cirewa ya mayar haka nan, sai bakinta ke gogar gilashi. An cire waifa an ɗaga ta, abun da muka tarar a ƙarƙashi na ganyen dalbejiya da laka sai da aka cika leda, har ramukan da ruwa ke bi ya fita sun toshe. Aka wanke, aka sa kilif, aka lika siririn ƙyalle mai laushi mai gam a bayansa a bakin da ke taɓa gilashin. Wannan minti talatin ne.

Na biyu ma ba gilashin bane sam, rufin ne. Akwai maƙulai guda biyu hagu da dama da ke kama rufin tamfol da saman firem ɗin gilashi, da shekaru suna sakin jiki, kuma suna da noti a ciki da ake juyawa a ƙara musu kamu. Na dama ya yi sako-sako, ga robar da rufin ke zama a kai ta bushe ƙamas kamar ganda. Baba ya ɗaure notin kaɗan kaɗan yana gwadawa, yace in ka matse da yawa kuma ka murƙushe robar ka jawo yoyo, sannan ya wanke robar da sabulu da tsohon burushin haƙori ya bar ta ta bushe ya shafa mata giliserin ɗan kaɗan da tsumma, irin wanda ake samu a kemis. Yace giris na silikon da aka yi dan roba shi ma yana yi, amma a shafa da yatsa a kan robar kawai, kar a yi feshinsa kusa da inda za a sa gam ko fenti. Da ace nan matsalar ta tsaya da na koma gida da canjina a aljihu, kuma ina kyautata zaton mafi yawan masu fama da wannan ƙarar a nan tasu ta tsaya, wanki da ɗan ƙyalle da giliserin.

Na ukun shi ne mugun. Baba ya shiga ciki ya sa tafin hannu a kusurwar ƙasa ta dama ya tura gilashin waje a hankali, ni ina tsaye a waje na ga ya motsa, kaɗan ne amma na gani da idona, gabana ya faɗi. Ya shafa kumfar sabulu ta waje ya sa yaro ya hura iskar famfon taya ta ciki, sai ga kumfa na tashi ɓul ɓul tsawon kusan taƙi guda. Ya ɗaga bakin robar da wani ɗan katako da ya fere, baya sa sukundireba a wurin, ya nuna min fentin ya yi ƙuraje ya kumbura. Ya ce "Alhaji wannan ba na shafe-shafe bane, sai ya fito." Na ce Baba in ya fashe fa, ka san daga inda aka kawo shi. Ya ce shi ba zai min alkawari ba, tsohon gilashi in ana cirewa yana iya tsagewa ko a hannun wa, amma zai bi shi a sannu, in na yarda bismillah in ban yarda ba in tafi da kukana. Wannan maganar ce ta sa na yarda da shi, wancan yaron ai komai "ba matsala" ne.

Da siririyar waya suka yanka, ɗaya a ciki ɗaya a waje suna ja kamar masu zarto, an rufe dashbod da kwali. Bai sha wuya ba ma dan rabin gilashin ba abun da ke riƙe da shi. Da aka ɗaga aka ajiye kan tsohuwar katifa sai na ga aikin da na biya har da ƙari. Maimakon gam ya zagaye firem ɗin ba yankewa, ɗigo-ɗigo aka yi kamar ana rabon miya a gidan biki, nan da can, sauran wurin silikon ne na gini. 'Yan robobin da ake sawa a ƙasa su tallafi gilashi kar ya zauna kan ƙarfe babu ko ɗaya, ya zame ƙasa bakinsa na cizon bodi, har ya ci fenti ya yi sheƙi a wurin. Ga sawun wuƙa ko'ina inda aka kankare tsohon gam har ƙarfe ba a shafa firaima ba, wato shafen farko mai kare ƙarfe daga tsatsa, kowane sawu ya zama layin tsatsa, a kusurwar da man birki da ruwa suka kwanta kuwa Baba ya danna da ƙusa ta wuce fit. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuma da kuɗina na sa aka tsaga.

Ranka ya daɗe a nan ne nake ganin asalin matsalar take a garuruwanmu. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa mota a 1975, kuma gilashin 504 da na Volkswagen Bitil da sauran motocin wancan lokacin a cikin roba mai kauri yake zaune, a sa igiya a bakin robar a ɗora a ja igiyar ta ciki roba ta hau kan ƙarfe shi kenan, ba gam ba jira, ka biya ka tafi. Motocin da suka biyo baya kuwa liƙa gilashin ake da wani baƙin gam mai suna foliyuritan, robar da kake gani a gefe ado ce da kare lungu, ba ita ke riƙe da shi ba. Gilashin ya zama wani ɓangare na ƙarfin bodin, a motoci da yawa ma jakar iska ta fasinja in ta fashe jikin gilashin take daka kafin ta tare mutum, to in da silikon aka like shi sai ta yi waje da shi. Baƙin zanen nan da ke zagaye da bakin gilashi mai ɗigo-ɗigo shi ma ba kwalliya kawai bace, shi ke kare gam ɗin daga hasken rana dan kar ya ƙone ya saki. Mota ta canza, amma hannun masu aiki da yawa da kuma haƙurin masu mota yana nan a zamanin igiya, kowa so yake a gama masa kafin la'asar. Ban ɗora wa yaran laifi su kaɗai ba, ni ɗin nan da na zauna ina shan lemo ina duba agogo ina cikin masu laifin.

Aikin gyaran kwana biyar ya ci. Fanal bita ya goge tsatsar har sai da farin ƙarfe ya fito, ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya yi waldar ɗan faci, aka cire dashbod gefe saboda tartsatsi, aka shafa firaima aka yi fenti aka bar shi ya bushe sosai. Baba kuma ya zauna da reza yana bin bakin gilashin yana cire silikon ɗan mitsi-mitsi, ya goge ya sake gogewa, yace ko maiƙon yatsa baya so a wurin. Inda ragowar gam na asali ke nan da ƙarfinsa bai kankare shi duka ba, ya aske shi ya bar kaurin milimita ɗaya zuwa biyu, wai sabon gam ya fi son kama ɗan uwansa. Gam ɗin ni ya tura na sayo da kaina, yace in karanta jikin kwalbar in tabbata na gilashin mota ne in kuma duba kwanan watan lalacewarsa dan yana mutuwa a ajiye, ya sa na haɗo da 'yar kwalbar baƙin firaima da ake shafawa kafin shi. Kuɗinsa ya ninka na silikon ba sau ɗaya ba, nan na gane dalilin ɗigo-ɗigon da aka min. Ya yanka bakin bututun kamar harafin V dan gam ɗin ya fito a tsaye da tsini, ya zagaye firem ɗin a numfashi ɗaya ba tsayawa, ya sa robobin tallafi a ƙasa, su biyu suka ɗauko gilashin suka saita da alamar salatif da suka yi tun farko suka ɗora sau ɗaya. Ba a ɗagawa a gyara zama, in ka ɗaga ka ɓata.

Sai abun da ya fi bani mamaki. Baba ya sa yaro ya yayyafa ruwa a ƙasan rumfar ya kuma shanya jiƙaƙƙen buhu kusa da motar, na ce Baba wannan kuma na mene ne ko tsubbu aka koma. Ya yi dariya yace shi wannan gam ɗin da damshin iska yake ƙanƙara, ba da zafin rana ba, a damina yana saurin kamawa, a hunturu kuwa da iska ta bushe har leɓe na tsagewa sai ya yi ta jan ƙafa, ta waje ya yi kamar ya bushe cikinsa kuwa ɗanye. Na je na karanta daga baya na tarar haka ne. Yace akwai masu saurin kamawa da ake tuƙi bayan 'yan awoyi, kowanne an rubuta lokacinsa a jiki, amma da irin titunanmu da irin motata mai murɗewa shi kwana biyu zai riƙe makullin. Ya sauke gilasan ƙofa kaɗan yace kar wanda ya buga ƙofa dan iskar da ke matsewa ciki na tura gilashi waje, rufin ma bai bari an kama maƙulansa ba sai rana ta uku saboda suna jan firem ɗin.

Kafin ya sallame ni sai da ya kwanta a ƙasa da tocila yana ƙwanƙwasa ƙarafan ƙarƙashin ƙofofi, musamman ta baya gaban tayoyi, yace motocin da suka zauna a Turai gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin su daga ciki, in nan ya ruɓe bodin zai dinga murɗewa fiye da ƙima kuma ko wane gam ka sa ƙarar zata dawo. Nawa alhamdulillahi da sauran ƙarfi, sai dai ya zare wata waya ya buɗe magudanan ruwan rufin da suka toshe. Duk mai niyyar sayen irin wannan motar ya fara duba nan kafin ya duba fenti.

Hunturu biyu kenan yanzu. Ranar da na karɓo ta na shiga get a karkace da gangan sau uku ina fita ina dawowa, maigadin maƙwabta na kallona, shiru kake ji. Abun da nake yi yanzu kawai duk wata in wanke lungun robar da burushi in shafa giliserin, in kwashe ganye a ƙarƙashin waifa, kuma na hana masu wankin mota sa bakin injin feshinsu a gefen gilashi. Wani abokina da ya zauna a Jamus yace in daina jin haushi, ko masu Porsche 911 ta 1994 zuwa 1998, ta ƙarshe mai injin da iska ke sanyayawa, suna fama da kukan gilashin gaba, su ma igiyar soso suke cusawa a lungun ko su lika salatif mai santsi a ƙarƙashin robar. Na ce to madalla, ashe ina cikin manya ban sani ba.

Roƙona ga duk wanda za a canza wa gilashi, ko Golf ce ko Sharon ta haya, ya tsaya a kan aikin, ya ce a nuna masa kwalbar gam ɗin, ya shinshina, in ya ji tsamin binega ya ɗauke motarsa, ya duba an shafa firaima a inda wuƙa ta karce, kuma ya zo da kuɗin Keke na komawa gida dan motar a nan zata kwana. Shugabannin ƙungiyoyin masu gyara kuma dan Allah a dinga zaunar da yara ana nuna musu, irin su Baba ba su da yawa kuma gwiwarsa ta fara gajiya.

Sannan edita in da hali a taimaka min da cigiya, maƙulin rufin na dama haƙorinsa ya cinye notin ya kai ƙarshe, in akwai mai karatu a Kano ko Apo ta Abuja ko Legas da ya san inda wata irin tawa ta mutu ana sayar da kayanta, ta 1989 zuwa 1997, ya bar saƙo a ofishinku zan aiko a karɓa. Hagu da dama nake so in an samu, da robar saman firem ɗin in bata tsage ba.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai karatunku daga Barnawa, Kaduna